Akwai Na Baya

Baba ya bar aikin soja da ɗingishi da wata ɗabi'a mai ban haushi: ba ya rufe ƙofa. Ko ta gida ko ta asibiti, sai ya riƙe ta, ya waiga, ya ce, "Akwai na baya." Sauro ya cinye mu, Inna ta yi mita har ta gaji. Ita ta gaya mini cewa ranar da su Baba suka ja da baya a fagen daga, shi ya rufe ƙofar motarsu, alhali abokinsa Dogo yana tafe da gudu.

Da muka dawo daga binne Baba, na shiga falo, na tura ƙofar zan rufe. Inna ta sa ƙafa ta tare.

"Bar ta, Auta," ta ce. "Yanzu su biyu ne a waje."