Kwandon Goro a Ɗakin Wadud

Mma Asiatu ta sake jan kwaɗon ƙofar ɗakin karo na uku, sai ka ce kwaɗo yana sauya ra'ayi in an matsa masa. Bai buɗe ba. Daga ciki tana jin ƙarar fanka, ƙasan ƙofar kuma ya jiƙe sharkaf, a tsakiyar bazarar Salaga da ko akuya ba ta yarda ta bar inuwa.

"Mma, me kike nema?"

Wadud ne, ɗanta, ya fito daga bayi da buta a hannu.

"Gidana ne. In na ga dama in bi kwaɗunan ciki ɗaya bayan ɗaya ina ja."

Shi Wadud ɗin nan shekara biyu ke nan da gama makarantar noma. Takarda tana akwati, shi yana tsakar gida. Rannan sai ya ce a ba shi ɗakin marigayi babansa, zai shuka masoro. Masoro fa, abin da ake ɗaukowa daga kurmi. Ya ce iskar arewa ce ta bushe, shi kuma zai jiƙa ta. Ya bi bango da leda, ya rataya ƙwayayen wuta masu launi kamar na gidan biki. Ya samo bokitin fenti ya huda murfin wuri biyu, nan ya ɗaure 'yar fankar da ya ciro daga matacciyar kwamfuta, can ya cusa guntun bututun famfo. A cikin ruwan ya jefa wani ɗan ƙarfe da ya yi oda ta waya daga Kumasi. Da an jona wuta sai ruwa ya riƙa tashi kamar hayaƙi, sanyi ƙalau, fanka tana koro shi ta bututu kan 'yan rassan da ya jera a kofuna.

Ruwan rijiya ya kashe ƙarfen farko a mako guda, ya bar masa farin ɓawo. Daga nan sai ya koma sayen fiya wata. Mutanen gida suna shan rijiya, bokiti yana shan na leda. A gaban matan haya Mma Asiatu ta raɗa wa bokitin suna Alhaji Bokiti, sunan kuma ya bi unguwa.

Da aka haɗu wajen suna a Yendi, ta kai ƙara gun wanta, Alhaji Sidiku, mai fataucin shanu a Bawku. Ya ce abu mai sauƙi, a ba shi yaron ya riƙa bin motar shanu zuwa kudu. Ita kuwa, da dangi suka zuba mata ido, bakinta ya riga ta.

"Wata uku. In ba abin da ya tsiro a ɗakin nan, Yaya, zo ka ɗauke shi."

Tun a motar dawowa ta fara tuna irin munanan labaran da ake kawowa daga hanyar nan. Amma an riga an ji. Yau ne wata ukun ya cika.

Akwai kuma abin da ba wanda ya sani. Mma Asiatu goro take sayarwa, kamar uwarta da kakarta. Zafin bana ya sa ta gaba. Ta yayyafa ruwa, ta sauya ganye, goro sai yamutsewa yake. Wata Juma'a Wadud ya tafi masallaci, ta leƙa ɗakin don ta samu abin faɗa. Iskar ta taɓa mata fuska, sanyi ƙalau. Ta je ta ɗauko kwandon farin goronta, na gani na faɗa, ta tura ƙarƙashin tebur, ta jawo tsofaffin buhuna ta kare. Kwana uku kawai ta yi niyya.

A kwana na biyu Wadud ya ga rassansa sun fara baƙi daga gindi. Ya ce wani ne ke buɗe masa ƙofa. Ya sayo kwaɗo.

To ka ga inda aka tsaya. In ta ce ya ba ta mabuɗi, sai ta faɗi dalili. In ta faɗi dalili, Safura mai wake, 'yar hayar ɗakin ƙofa, za ta ji cewa goron Asiatu ya je neman lafiya wurin Alhaji Bokiti. Mako bakwai tana wucewa ta ƙofar nan tana tsaki, rabin jarinta yana ciki.

Bayan azahar Alhaji Sidiku ya iso, ya sha ruwa, ya ci tuwo, ya tambayi kowa da kowa. Sannan ya dubi jakar da ke jingine a bakin zaure.

"Ta wa ce?"

"Tawa ce, Kawu," in ji Wadud. "Na haɗa tun jiya."

"Ashe ba sai mun wahala ba."

"A'a, Yaya, ka taso tun daga Bawku," in ji Mma Asiatu. "Ai ka gaisa da Alhaji Bokiti."

Wadud ya buɗe. Hayaƙin ya fito ya naɗe musu ƙafafu. Alhaji Sidiku ya tattare babbar riga ya shiga yana bismilla. Kofuna arba'in a kan tebur, kowanne da baƙin tsinke a tsaye.

"Wannan ne masoron?"

"Shi ne. Ruwan ya yi musu yawa. Ya kamata in riƙa kashewa ina kunnawa, ban gane ba sai da suka ruɓe."

"Wato ka kashe su da kirki."

Alhaji ya sunkuya zai leƙa bokitin, ƙafarsa ta ja buhu, buhun ya zame. Ya daɗe a sunkuye.

"Kai, kawo hasken wayarka."

Ta kowace kafa ta kwandon tsiro ne ya fito. Wasu sun huda ganyen da aka rufe da shi sun miƙe kamar yatsu, da 'yan ganye jajaye masu sheƙi a kai. Saiwoyi farare sun bi ta ƙasa sun kama jiƙaƙƙen buhu. Alhaji ya sa hannu ya zaro ɗaya. Goro ne, ya tsage biyu, rai ya fito ta tsakiya.

"Goro ka shuka? A Salaga?" Ya juya shi a tafin hannu. "Kakanninmu shekara nawa suna dakon abin nan, ba wanda ya taɓa ganin ganyensa a garin nan."

Wadud ya dubi kwandon. Ya dubi ƙyallen atamfar da aka ɗaure bakinsa da shi, wanda ya sani tun yana goye. Ya ɗago ya dubi uwarsa.

Ita tana bakin ƙofa. Ido ɗaya ta yi wa kwandon ta san ko guda ba zai sayu ba. Bayanta kuma ga Safura, ga sauran matan haya, kowacce ta miƙo wuya.

"Asiatu, kin san da wannan?" in ji Alhaji.

"Ni da aka kulle wa ƙofa?"

"Masoro ya ce zai shuka."

"Ni dai abin da na faɗa a Yendi, kowa ya ji. Na ce in ba abin da ya tsiro. Ban kama sunan komai ba."

Alhaji ya dube ta, ya dubi yaron, ya sake duban ƙyallen. Shi ma ai ba yau ya san atamfar ba. Ya sa goron a aljihu, ya ce zai nuna wa mutanen Bawku, kuma a nemo masa mai babur kafin motar Tamale ta cika.

Da aka raka shi aka dawo, Wadud ya tarar da ita a ɗakin, ta tsuguna tana ware tsiron a hankali, tana cire matattun rassa daga kofuna tana jefarwa.

"Mma, goronki…"

"Wane gorona? Kawo ƙasa."

Ya kawo. Suka yi ta dasawa. Can ta ce, "Shekara nawa yake yi kafin ya haihu?"

"Bakwai, ko fiye. In ma ya rayu. Gaskiya, Mma, da an fitar da shi waje ba na jin zai…"

"Rage murya. Safura tana wanki."

Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta leƙa bokitin, ta ga ruwan ya yi ƙasa. Ta kwance bakin zane ta miƙa masa kuɗi.

"Je ka sayo wa Alhaji ruwansa. In ka dawo ka kwance jakar nan, ta tare hanya. Mabuɗin kuma biyu ne, na gani. Ajiye ɗaya a nan."