Kwal a Murhun Safara'u

Shekara ashirin Safara'u tana bandar kifi a gefen madatsar Goronyo, kuma duk ranar kasuwa kwandonta Tambari, dillalin Wurno, yake fara ɗauka. Bana icce ya yi wuya, masu saro shi ta wajen Shinaka sun bar shiga daji saboda 'yan bindiga. Kifi kuwa ba ya jira, in bai sha hayaƙi yau ba gobe na ƙudaje ne.

Ana haka sai ga ƙanenta Abdulƙadiri, ma'aikaci a Rabah, ya dire buhu. Bitar kwana uku ya je Abuja, ilimi har yana zuba.

"Yaya, kukanki ya ƙare. Kwal na. Ga shi jibge cikin ƙasarmu, ba mu haƙa, ba mu ƙonawa, ba mu saida ma kowa. Ke za ki buɗe hanya."

Ta ɗauki dunƙule guda, ta jinjina. "Wanga ai dutse na. Wane icce anka ƙona?"

"Ba icce ba na. Da shi Turawa sunka tuƙa jirgin ƙasa."

"Jirgin anka banda?"

Ya yi dariyar wanda ya ga Abuja. Ita ko ga tarwaɗa cike da daro, ko ƙirare babu. Ta zuba kwal ɗin a murhu.

Sai da hannunta ya sage da fifita sannan ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe, warin kwalta da ruɓaɓɓen ƙwai. Maƙwabta suka leƙo, ko gwamnati ce ta fara titi. Abdulƙadiri, hanci cikin hula, ya ce haka ci gaba yake da fari, sannan ya tuna yana da taro.

Kifi ya fito yana sheƙi, gwanin kyau a ido. Ta ɓanɓara ta kai baki, ta tofar.

Da Tambari ya zo, ta san in ta miƙa zai ɗauka, Wurno kaf ta ci da sunanta. Ta ja tabarma ta rufe kwandon.

"Malam, yau ba ni da kaya. Ka duba na maƙwabciyata Mas'uda."

"Ke? Mi ya samu murhunki?"

"Arzikin ƙasa ya shiga."

Ya shinshina iska, ya ja baya. "Allah shi kyauta. Buntun shinkahwa na nan Wurno tsibi, ba mai so, kuma yana banda kifi. In aiko?"

"Aiko, don Allah."

Tana tsaye tana kallo aka ɗaura kwandon Mas'uda a bayan babur ɗinsa.