Katakon Matattakala

Wani dare cikin sanyin 1941 na ji ƙara a saman ɗakina, ƙurrr, ƙurrr, kamar ana niƙa tsakuwa. Na kwanta ina tunanin ko haƙoran gidan ne, don tsoffin gidajen Esslingen suna da halayensu.

Da safe na hau. Alwin Strohmaier na samu durƙushe, yana niƙa jan bulo da gawayi a kan dutse.

"Farfesa, abin har ya kai ga cin bulo?"

"Rufe ƙofar, Gustav, kai da bakinka."

Da can Alwin malamin zane ne a Stuttgart. Ba ya zana mutum ko saniya, sai launi da layuka. Hukuma ta ce wannan aikin masu ruɓaɓɓiyar ƙwaƙwalwa ne, ta kore shi, ta hana shi zane da sayen fenti. Shi ya sa yake haɗa nasa launin da bulo da gawayi. Jami'ai kan zo su shinshina ɗakinsa, su taɓa burushinsa ko da danshi. An gaya masa in aka sake kama shi, ba gargaɗi.

Ni dai makaranta ban yi nisa ba, amma ina son zanen. Akwai ɗaya, ja da baƙin zobe a tsakiya, in na daɗe ina kallonsa sai in ji kamar ina leƙa rijiya.

Dabararsa ita ce ya yi zane a kan katako, ya shafe shi da farar ƙasa, sannan ya kafa a bangon matattakala, wai yana rufe inda ke jiƙewa. Jami'ai ta nan suke wucewa, ba sa ko kallo.

"In an gama yaƙi, ruwa da tsumma kawai," in ji shi.

Sai dai a gidanmu kowane iyali na da makonsa na sharar matattakala, kuma da shi ake auna mutuncin mace. Frau Dengler, matar da ke zaune a ƙasa, ba a taɓa kushe mata shara ba. Da makonta ya zo, ta ga farin yana goge wa mutane a riga, ta ɗauko ruwan zafi da burushi da tsumma.

"Frau Dengler, bar wannan, bango ba ya cikin aikinki," na ce.

"Kai za ka koya mini shara? Je ka duba wuyan rigarka tukuna."

Ta dirza. Ja ya ɓullo, ya gangaro cikin ruwan. Ta ƙwala ihu, ta zaci jini ne. Kowa ya fito, har da Herr Kübler, ɗan jam'iyya mai mulki da ke sa ido a layinmu. Ya karɓi tsumman, ya goge da kansa, a hankali, har baƙin zoben ya fito duka.

Alwin yana tsaye a sama. "Ka juya shi, Kübler," ya ce. "A kife ka gan shi."

Jami'ai suka zo suka ɓaɓɓalle katakon gaba ɗaya, suka ƙone a tsakar gida. Alwin kuma aka sa shi a mota, ko rigar sanyi bai ɗauka ba.

Makonsa na shara ya zagayo bai dawo ba. Laka ta taru a matattakala. Muna tsaye ni da Kübler da mai kawo madara, Frau Dengler ta fito, idonta jawur, ta ɗaga kai ta dubi ƙofar Alwin.

"Ba gobe ko jibi za su sako shi ba?"