Hoton da Za a Kai wa Kamilu

Sati biyu Mardiyya ta yi a Gummi tana koyon ɗaukar hoto a shagon Maharazu, mijin gwaggonta. Shi ya ce ta koya, don matan aure ba sa yarda namiji ya shiga cikin gida ya ɗauke su ranar biki ko suna. Da za ta koma Bukkuyum ya rataya mata tsohuwar kyamararsa a wuya, ya ce ta fara gwadawa da mutanen gida tukuna.

Tana isowa ta tarar da saƙon yayanta Kamilu. Shekara biyu ke nan yana haƙar zinare a wajen Bagega, can ƙasar Anka. Ya tafi ne bayan 'yan bindiga sun tashe su daga Zugu, suka bar gona da rumbuna suka kama ɗaki biyu a Bukkuyum. Saboda tsoron hanya, mahaifiyarsu Inna Hure ta hana shi zuwa ko da sallah. Yanzu ga Lirwanu, mai mashin ɗin da ke kai wa mahaƙa kaya, ya zo da saƙo: Kamilu na son hoton Inna, ƙarami, wanda zai shiga aljihu.

"Mi za shi yi da hoton tsohuwa?" in ji Inna. Amma washegari tun da hantsi ta ciro atamfarta ta ƙasan akwati, wadda ta gudo da ita daga Zugu.

Rabonta da tsayawa gaban kyamara tun ranar yin katin zaɓe. Mardiyya ta zaunar da ita a kan kujera tsakar gida, rana na tsakiyar ka. Inna ta miƙe wuya, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta ɗaure fuska kamar an kai ta gaban alƙali. Hoton farko ya fito idanu a runtse, baƙar inuwa ta cika ƙasan goshi. Suka koma ɗaki. Nan kuma duhu, da fitilar kyamarar ta walƙa sai Inna ta zabura ta kare fuska da mayafi. Mardiyya ta sake gwadawa. Ta danna ya fi sau ashirin, babu ɗaya da ya yi kama da matar da ta haife ta.

"Inna, ki ɗan yi murmushi mana."

"In yi wa ƙarhe murmushi? Ke dai ɗauki ki sallame ni, wake na bisa wuta."

Mardiyya ta haƙura. Ta zauna bakin rijiya tana goge hotunan, ta bar na tsakar gida kaɗai, kunya da haushi sun ishe ta. Can ta tuna abin da Maharazu ya sha faɗi, cewa a bar rana ta yi sanyi, kuma mutum bai sakin jiki sai an sa shi hira.

Bayan la'asar ta sami Inna zaune a bakin ƙofar ɗaki tana tsince gero, ba ta ko cire atamfar ba. Haske na shigowa ta gefen katanga, ya kwanta a kuncinta ɗaya. Mardiyya ta tsuguna nesa kaɗan, kyamara a cinya, ba ta ɗaga ba.

"Inna, geron nan ya kai namu na Zugu?"

"Ina. Wanga ai tsakuwa ce." Ta ɗebo ta zuba. "Namu na gonar bakin tsamiya, zangarniya guda ta kai hannuna. Yayanki shi ka ɗaure dammuna, shi ɗora biyu bisa kai yana waƙa, har in ce mishi wuyanka."

Ba ta taɓa kiran sunansa ba, don ɗan fari ne. Hannunta ya tsaya cikin faifan, idonta ya tafi can bayan katanga, bakinta kamar zai yi dariya bai yi ba. Mardiyya ta ɗaga kyamarar a hankali ta danna sau ɗaya.

Ta matsa ta nuna mata. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana kallo.

"Haka nike?"

"Haka kike, Inna. Wannan za mu aika."

"A'a." Ta mayar mata da kyamarar. "In ya ga wanga, gobe-gobe za shi hau mashin shi taho. Kin san hanyar. Ki aika mishi na tsakar gida."

Mardiyya ta so ta yi gardama, don shi ne hoton kirki na farko da ta taɓa ɗauka. Da ta dubi fuskar Inna sai ta fasa. Ranar kasuwa aka wanko hoton tsakar gida a Gummi, ta sa a ambulan ta ba Lirwanu.

Bayan kwana tara waya ta shigo. Muryar Kamilu na yankewa, ya ce sai da ya hau dutse ya sami layi.

"Mardiyya, na ga hoto. Inna hushi take da ni?"

Inna na zaune kusa, tana jin komai. Ta girgiza kai ba ta ɗago ba.

"Rana ce, Yaya," in ji Mardiyya. "Ban ƙware ba tukuna."

Ya yi dariya, ya ce ba komai, yana aljihunsa. Layin ya katse kafin su yi sallama.

Inna ta ɗago kai. Daga baya ta ce, "In mai mashin ya dawo, ki ce a gaya ma yayanki shi ma shi aiko da nashi. In gani ko ya rame."

Mardiyya ta ba da saƙon. Damina ta faɗi, hanyar Anka ta ƙara lalacewa, Lirwanu ya rage zuwa. Duk ranar kasuwa Inna kan ɗauki faifanta ta zauna kusa da zaure, in ta ji ƙarar mashin sai hannunta ya tsaya, sai ya wuce sannan ta ci gaba da tsinta.