Harafin O

Ishaku ya buga umarnin sabunta tsarin kwamfutar, ya jingina da kujera yana kallon sunayen fakitocin manhaja suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya. Intanet ɗin unguwar Banifandou tafiyar hawainiya yake yi. A waje mata daga ƙauyuka na zaune a inuwar coci da yara a cinya. Damina ba ta yi ba, sojoji kuma sun karɓi mulki tun watan Fabrairu.

"Ɗan Maroko, har yanzu?" in ji Tabita, matar wansa marigayi Dauda. "Shekarun da ka yi a Rabat, zaman kallo suka koya maka?"

"Yaya, tsohon Linux ne. Ba zai gane sabuwar na'urar buga takardu ba sai an sabunta shi duka."

Ita ke buga takardun Hausa na ƙaramin asibitin cocin, yanzu kuma takardar yadda ake dama kunun yara masu tamowa ake so a raba wa matan. Dauda ne ya haɗa kwamfutar da hannunsa. Allon rubutun na Faransanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, sai ya gyara wani fayil ya ɗora su a kan é da è da à, ya ɗiga wa maɓallan jan farcen Tabita. Ishaku ya tuna ranar. Yana ɗan lise a lokacin, wato sakandare, Dauda ya sa shi buga "ƙaiƙayi" har ya gaji, suna ta dariya.

Saukar fakitocin ta ƙare, aka shiga girkawa. Can sai komai ya tsaya, tambaya ta fito da Faransanci.

"Me yake so?"

"Ya ga an taɓa fayil ɗin allon rubutu. Aikin Yaya Dauda. Yana tambaya a sa sabon da ya zo da shi, ko a bar na da."

"Sabon yana da ƙ?"

"Yana da ita, amma a wani wurin. Sai yatsunki sun sake koyo."

Ta shafa maɓallin é, inda jan ya kusa gogewa.

"Na ba da rigunansa," ta ce. "Na ba da babur. Mama tana cewa kullum in na zauna nan kamar gaisuwar mutuwa nake karɓa." Ta ja numfashi. "A sa sabon. Matsa, ni zan danna."

Ta miƙa yatsa ta danna O, ta buga maɓallin shigarwa, kamar yadda ta saba duk lokacin da na'ura ta nemi a ce mata oui, wato "na yarda" da Faransanci.

Ishaku ya buɗe baki. A wannan tambayar kaɗai O ba oui ba ce. An fassara bayanin, ba a fassara haruffan ba, O ɗin ta Ingilishi ce, tana nufin a bar tsoho. Yana rubuce a allon, layi biyu sama da inda ta duba. Fakitoci suka ci gaba da wucewa. Ya rufe bakinsa.

Da la'asar kwamfutar ta sake tashi da sabuwar fuska, na'urar buga takardu ta yi ƙara ta ja farar takarda. Tabita ta zauna ta gyara zani.

"To, nuna mini inda suka kai ƙ ɗin."

"Gwada tukuna."

Yatsanta ya tafi inda ya saba. Ƙ ta fito. Ta gwada è, ta gwada à. Ta daɗe tana kallon allon.

"Ashe su ma nan suka ajiye su," ta ce a hankali. "Ka ce wani wuri."

"Na yi kuskure, Yaya."

"Kuɗin Rabat dai sun tafi a banza." Ta jawo takardar kunun kusa, ta fara bugawa da sauri, ba ta kallon hannunta.