Gudun Colter Na Tara

Ina da wani ɗan aibi, gara in faɗa da bakina kafin Chuy ya riga ni: ba na iya yin shiru in ana wasan ƙwallo irin na Amurka. Ga sauran mutanen garinmu Merrow wannan ba laifi ba ne, tunda don ihu ake sayen tikiti. Amma ni mai riƙe sarƙa ne. Shekara goma sha tara ke nan duk yammacin Juma'a ina tsaye a gefen fili da doguwar sanda a hannu, sarƙa mai yadi goma ta haɗa sandata da ta Chuy Arredondo, muna nuna inda ƙwallo ta tashi da inda dole ta kai cikin yunƙuri huɗu. Doka ta ce mai sarƙa ba shi da ɓangare. Kuma a gefen baƙi ake tsayar da mu, a tsakiyar abokan hamayya, don dai a gwada haƙurin mutum.

Colter ɗan ƙanwata Twila ne, yana ajin ƙarshe a sakandare. Shi ne kwatabak ɗinmu, wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, ya ga dama ya jefa, ya ga dama ya ruga da ita. Bara, a hannun Koci Burl, rugawa yake yi. Sau ashirin da biyar a wasa ɗaya, wata rana talatin. Koci Burl dabara ɗaya gare shi a duniya: a ba Colter, kowa ya kauce. Da ita muka ci wasa tara. Mutane kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni kuwa in gyaɗa kai kamar ni ne barewar, alhali iyakar gudun da na taɓa yi a filin nan shi ne ranar da karen wani ya tsinke.

Sai Koci Burl ya yi ritaya ya koma kamun kifi, makaranta ta ɗauko mana wani Koci Lindqvist daga wajen birnin Dallas. Siririn mutum, kullum da kwamfuta a hammata, in an ba shi gasasshen nama sai ya yanke kitsen ya ture gefe. Tun watan Agusta labari ya zagaye gari: Colter ba zai wuce gudu takwas a wasa ba. In kuma ya ga za a cim masa, kada ya kai da ka, ya zame da ƙafafu gaba ya kwanta. Ya karya ko ɗaya daga ciki, sai benci.

"Takwas!" na ce wa Chuy da safe muna shan kofi a shagon Nadine. "Ka taɓa ganin an sayi dokin sukuwa an ɗaure shi a keken yara?"

"Ban taɓa ganin ka sayi ko kofin da kake sha ba," in ji Chuy.

"Maganar gaskiya nake yi."

"Ni ma ita nake yi."

Na daure wasa uku. Muka ci biyu, amma irin cin da ba ya ƙosarwa. Ina tsaye a cikin baƙi ina jin masu tsaron bayansu suna dariya. Wani ƙato mai lamba hamsin da biyar ya cire hular kwano yana ce wa abokinsa, "Kar ka wahalar da kanka, da ka matso zai kwanta maka da kansa." A kunnena. Na ciji leɓe har na ji gishiri.

A wasa na huɗu abin ya kai maƙura. Ana binmu da maki uku, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, yunƙuri na huɗu, yadi uku muke nema. Colter ya duba babu wanda zai jefa wa, ya ruga. Mutum biyu suka taso masa, sai ya zame kamar yadda aka umarce shi. Jikinsa ya wuce sandata da fiye da yadi guda, na gani da idona. Amma mai zamewa ba inda ya tsaya ake ajiye masa ƙwallo ba, inda ya fara zamewar ne. Alƙalin wasa ya ajiye ta, ya duba, ya yafito mu a zo a auna.

Ni na ɗauki sandar gaba na shiga fili da ita. Ni, kawunsa. Na miƙa wa alƙali, ya ja sarƙar ta miƙe, ya dasa sandar a ƙasa. Tsakanin hancin ƙwallo da sandar bai fi faɗin tafin hannu ba. Alƙali ya ɗaga hannaye ya nuna wa jama'a tazarar. Colter ya tashi ya karkaɗe wando, bai dube ni ba.

Ran Litinin ƙungiyar magoya baya kan yi abincin rana a zauren makaranta, koci ya nuna hoton wasa ya amsa tambayoyi. A zamanin Koci Burl tambaya ɗaya ce, ko akwai sauran wake. Ranar nan na miƙe tun bai kunna na'urar ba.

"Koci, ni Lonnie Yancey ne."

"Na sani, Mista Yancey. Ina jiyo ka daga ɗaya gefen filin."

Aka yi dariya. Na bar su suka gama.

"Yaron nan da ya kai da ka, da mun ci ko ba mu ci ba?"

"Da wataƙila mun ci."

"To don me aka hana shi?"

"Takwas ne, kuma zamewa ce," ya ce, ko gira bai ɗaga ba.

"Daga ina takwas ɗin ta fito? Kwamfutar ce ta yi mafarki? Me ya sa ba tara ba? Me ya sa ba goma sha biyu ba? Garin nan tun kakanninmu da ƙafa muke cin wasa, ba da lissafi ba!"

Ya daɗe yana kallona, har na zaci zai ce wani abu mai ma'ana. Sai ya ce, "Doka ce, ni na ɗauki nauyinta. Ya wuce takwas ko ya kai da ka, zai zauna, Deke ya shiga. Akwai wata tambayar?" Deke shi ne mai jiran gado, yaro mai ladabi wanda in ya jefa ƙwallo sai an duba ta a wajen ajiye motoci.

Abin da ya sa jinina ya tafasa shi ne saura mako biyu wasanmu da makarantar Brandt. Wannan ne wasa ɗaya tak a shekara da masu neman 'yan wasa daga jami'o'i ke ɗaukar wahalar tuƙo mota har Merrow. Colter ba shi da wata shekarar. Me za su gani? Saurayi yana kwanciya a ciyawa?

Ran Lahadi bayan an tashi daga majami'a muka ci abinci a gidan Twila. Na jira ta shiga kicin ɗauko shayi mai ƙanƙara, na matsa kusa da shi.

"Kai, saurara. Ƙafafun nan naka ne ko na Lindqvist?"

"Nawa ne, Kawu."

"To in ka ga hanya, bi ta. Ba zai iya ajiye ka ba, garin nan zai cinye shi ɗanye."

"Kawu, jifana ya gyaru fa. Ka ga wadda na jefa wa Marcus a zagaye na biyu? Yadi talatin."

"Jifa kowa na yi. Ni ma ina jifan gwangwani a kwandon shara. Gudu ne ba kowa ba."

Ya yi murmushi ya ci gaba da tura wake da cokali. "To, Kawu," ya ce. Haka yake tun yana ƙarami, bai taɓa yi mini musu ba. Na ɗauki wannan a matsayin shaidar ina da gaskiya.

Juma'a ta zo, wasan ƙarshe kafin na Brandt. Ina riƙe da sanda ina ƙirga a zuci. Kafin hutun rabin lokaci ya yi biyar. A zagaye na uku ya yi na shida da na bakwai. Na takwas ya zo saura minti shida, ya zame lafiya lau, baƙi suka yi masa tafin shaƙiyanci. Daga nan sai jifa.

Saura minti biyu, ana binmu da huɗu, yunƙuri na huɗu, yadi biyar. Colter ya karɓi ƙwallo ya ja baya. An rufe Marcus, an rufe kowa. Amma ta gefena fili ya buɗe fayau, ko tirela za ta wuce. Ya gani, na ga ya gani. Ya tsaya yana rawar ƙafa, yana neman wanda zai jefa wa.

"Lonnie, rufe bakinka," Chuy ya ce daga ɗaya ƙarshen sarƙar.

"Colter! Ruga! Ruga, don Allah!"

Ya ruga. Kai tsaye ya nufo sandata kamar ita ya zo karɓa. Wani mai tsaron baya ya taso masa a yadi na huɗu, wurin da ya kamata ya zame. Bai zame ba. Ya sunkuyar da kafaɗa ya kai da ka, ƙarar haɗuwarsu kamar an rufe ƙofar mota da ƙarfi, suka zube a gabana. Ƙwallon ta wuce sandar da rabin yadi. Jama'a suka ɓarke. Ni ma na ɗaga sandar sama ina tsalle, har alƙali ya zo ya ce in na ƙara ko tari zai karɓe rigar aikin a gaban kowa.

Ban gama jin daɗin ba na ga Deke ya shigo fili a guje yana ɗaura hula. Colter ya miƙe a hankali, ya taka zuwa benci. Deke ya miƙa wa ɗan wasan da ke bayansa ƙwallo sau uku, a na ukun ya tsallake layin ƙarshe da ita, muka ci. Washegari da safe kowa ya ji: Colter ya yi gudu na tara, ya kuma kai da ka, don haka ba zai buga wasan Brandt ba.

Yaron da ya ceci wasa! Ranar ko shagona ban buɗe ba, na bar masu neman abincin shanu suna ƙwanƙwasa ƙofa. Na rubuta takardar koke zuwa hukumar makaranta, shafi biyu, na sa kalmar zalunci sau huɗu. Na bi shagon Nadine tebur tebur, na bi gidan mai, na bi wajen aski, har Koci Burl na samu a bakin tafki ya sa hannu da yatsu masu ƙarnin kifi. Kafin la'asar na tara hannu saba'in da uku. Chuy ne kaɗai ya ƙi, wai biro ba ya kama masa ran Asabar.

Hannun uwar yaro na ajiye na ƙarshe, don shi zai fi nauyi. Na same ta a kicin tana yanka albasa. Ta taga ina hango Colter a bayan gida, zaune da jakar ƙanƙara a wuya.

"Twila, sa hannu nan. Litinin zan kai."

Ta goge hannu, ta karanta har ƙarshe, ta ajiye takardar kusa da albasar.

"Yaya, ka san yadda yake tashi ran Asabar bara?"

"Kowane ɗan wasa yana jin jiki."

"Ni nake sa masa riga. Saurayi mai shekara goma sha bakwai, hannunsa ba ya ɗaguwa. Sau biyu na same shi a banɗaki yana amai, ya ce kar in gaya wa kowa, musamman kai."

"Me ya sa ni?"

"Don kai ne ke tsayawa a gidan mai kana ba mutane labarin gudu talatin."

"To ai jiya lafiya ya yi! Ya ga hanya ya bi!"

"Ya ji muryarka ya bi," ta ce. "Mutum dubu biyu na ihu, taka ya tsinta. Tun yana shekara shida in ka ce ya haye, hayewa yake yi."

Na ce duk wannan bai ba wani baƙo daga Dallas ikon zaunar da shi ranar da jami'o'i za su zo ba. Na ce mutumin nan bai san mu ba, bai san yaron ba, ya zauna da kwamfutarsa ya tsinci takwas a iska ya ɗora wa gari. Na faɗi abubuwa da yawa, wasu ma masu kyau ne, da a zauren makaranta na faɗe su da an tafa.

Twila ta ajiye wuƙar. Ta buɗe aljihun tebur, ƙarƙashin takardun girki, ta zaro wata takarda ta miƙo mini. Yarjejeniya ce ta watan Agusta, hannu biyu a ƙasa, na koci da na Colter. Sharaɗin benci yana nan, an ƙara shi da biro a gefe, kuma ba rubutun koci ba ne. Na san rubutun, ni na koya masa riƙe fensir.

"Colter ne ya roƙi koci ya ce dokarsa ce," in ji Twila, ta koma kan albasarta. "Wai ba zai iya gaya maka ba."

Na sa tabarau na duba layin farko. Koci gudu goma sha biyar ya buga a takardar. Colter ne ya soke ya rubuta takwas.