Lemar da Inna Ta Zauna a Kai

Maigidana kafinta ne, kuma yana da i'ina. Ba 'yar kaɗan ba: kafin ya gama ce mini ina kwana, ruwan shayi ya tafasa. Ni na saba, yaranmu biyu ma sun saba. Shi kaɗai ne har yau bai saba ba.

Idan azahar ko la'asar ta riske shi a gida, shi ke ja mana salla, tunda karatunsu a ɓoye ake yi, kabbara kuwa fizgarta yake yi da sauri. Amma asuba da magariba da isha'i, waɗanda ake ɗaga murya, sai ya zame ya tafi masallaci ya laɓe a sahun baya. Tun yana yaro aka taɓa yi masa dariya a gaban malami, shi ke nan ya kulle bakinsa. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin Fatiharsa ba, kuma abin yana ci mini rai.

Ranar da zan ba ku labari, mahaifiyarsa, Inna, tana wurinmu, ta zo ganin likitan ido. Bayan magariba aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, layinmu ya koma rafi. Ana kiran isha'i maigida ya hau neman lema. Ya duba bayan ƙofa, ya leƙa ƙarƙashin gado, har ya zazzage buhun kayan aikinsa. Ni kuwa ina hango mariƙinta ta ƙasan zanen Inna, na yi gum da bakina.

"Bar wahalar da kanka," in ji Inna. "Yau bayanka zan bi."

"I-I-Inna, isha'i ce fa."

"Idona ne ke ciwo, ba hankalina ba. Raka'a huɗu ce, biyun farko a bayyane. Ni na koya maka Fatihar nan kana riƙe da zanena. Zan ji abina."

Ya dube ni yana neman ceto. Na shimfiɗa masa darduma.

Babban ɗanmu ya yi iƙama ya tsaya a damansa, ni da auta muka tsaya a baya, Inna na zaune a gefenmu saboda gwiwa. Maigida ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Ina jin numfashinsa, harafin farko ya maƙale masa a wuya. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar 'ya'yansa su yi masa dariya, ga auta kuwa ba ta da wuyar dariya.

Can sai muryar ta kuɓuce.

Wallahi ban san da ita a gidana ba. Murya mai kauri, a natse, aya na bin aya ba tuntuɓe ko ɗaya. Da ya kai ƙarshen Fatiha, yaran suka saki wata Amin da ta danne ƙarar ruwa a kan kwano. Ya kawo sura, ya yi ruku'u da sujada, ya miƙe raka'a ta biyu ya sake zubowa. Hawayena na ɗiga a kan hijabi, ban damu ba.

Muka zauna tahiya, muka miƙe raka'a ta uku, wadda ake yi a ɓoye. Ai kuwa mutumin naku daɗi ya kwashe shi, ya sake ɗaga murya! Ya kamata ɗanmu ya ce subhanallahi ya tunatar da shi, amma yaron ya shagala da sauraro. Sai a raka'a ta huɗu maigida ya farga ya yi shiru. Bayan sallama ya ƙara sujada biyu na rafkanwa, muka bi shi, ya sake tahiya ya sallame.

Ya juyo da kunya, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Na-na-na yi kuskure."

Inna ta tuntsire da dariya tana goge ido da gefen mayafi.

"Ikon Allah! Shekara da shekaru muna roƙo ka buɗe baki, yau ka buɗe har ya yi yawa."

Auta ta faɗa jikinsa. "Baba, ƙara mana!"

Shi ma ya fashe da dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Inna ta ɗan karkata, ta zaro lemar daga ƙarƙashinta, duk ta lanƙwashe, ta miƙa masa.

"Ungo abarka. Da asuba ka koma masallacinka. Amma kada in sake jin an gan ka a sahun baya."